Dutsen Namu Ne, Tambayar ta Wa Ce?



Abin da ya sa ni wannan rubutu wata tambaya ce da na yi wa kawuna, ta juyo ta faɗo kaina. Kawun nan ƙanen mahaifiyata ne. Ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota daga Arlit zuwa Paraku ta ƙasar Benin, ta Agadas da Tawa da Doso da Gaya. A wancan lokacin, a Paraku ake sauke gangunan a ɗora wa jirgin ƙasa zuwa Kwatano, daga can sai jirgin ruwa zuwa Faransa. Da babban hutu na dawo Filinge daga Yamai, wani dare muna zaune ƙofar gida ana dafa shayi, sai na ce masa, "Kawu, wai mi ke cikin gangunan nan da kunka yi ta ɗauka, kuma mi ake yi da shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro! Gari ne rawaya. Mu dai munka ɗauka, munka kai. Wasu sun ce wuta ake yi da shi, wasu sun ce bom. Ai kai da ke jami'a kai za ka hwaɗa mini, ba ni zan hwaɗa maka ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce, don abin da na sani bai wuce nasa ba: wuta da bom. Da na koma Yamai sai na shiga karatu a kan abin. Na iske labarin ya fi wuta da bom faɗi. Na iske akwai shekarar da wasu masana suka ɗauki uraniyom irin na gangunan kawu, suka yi ta jifarsa da wata ƙwaya da ba ta cika daƙiƙa ɗaya a duniya, suka ba da amsa, bayan shekara huɗu kuma suka dawo da kansu suka ce amsar nan ba daidai take ba. Tarihin wannan gwaji nake so in ba ku, haɗe da namu na nan gida, don su biyun hanya ɗaya suka biyo ba su taɓa gaisawa ba.

Tsaran zuwan Nasara

Bari mu ɗan tuna abin da aka koya mana a lise. Kowane abu da ƙwayoyin zarra aka gina shi. A tsakiyar kowace zarra akwai cibiya, kuma kusan duk nauyin yana can. Cibiyar tarin ƙwayoyi iri biyu ce: furoton mai ɗauke da cajin lantarki, da nutron wanda ba shi da caji. Yawan furoton shi ke ba abu sunansa. Mai furoton 2 heliyom ne, mai 3 litiyom, mai 79 zinariya, mai 82 dalma, mai 92 uraniyom. Lambar da ake liƙa wa sunan kuwa jimillar furoton da nutron ce. Heliyom-4 na da furoton 2 da nutron 2. Uraniyom-238 na da furoton 92 da nutron 146. In ɗaya ɗan akuya ne, to ɗayan bijimin Tukunus ne.

A shekarar 1896, a birnin Faris, Henri Becquerel ya gano cewa gishirin uraniyom na fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa baƙar takarda ya ɓata farantin hoto. Lokacin nan Nasara bai kafa tuta a Kurfai ba. Shekara uku bayan haka, a 1899, ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasashen da ke kudu da mu, ya yaƙi Sarauniya a Lugu, ya ƙone Birnin Ƙonni. A farkon ƙarni na 20, zamanin Mayaƙi Namalaya, Filinge ta zama mazaunin mulkin Faransawa a wannan yanki. Kun ga ilimin nukiliya da mulkin mallaka a ƙasarmu tsara ne, kusan tare aka haife su.

A Manchester ta Ingila, tsakanin 1909 da 1911, Ernest Rutherford da mataimakansa Geiger da Marsden suka yi gwajin da ya zama uban duk waɗanda suka biyo baya. Suka harba cibiyoyin heliyom-4 a kan wani siririn fallen zinariya. Mafi yawa suka wuce abinsu, amma ƴan kaɗan suka dawo da baya kamar an buga ƙwallo a bango. Daga nan Rutherford ya gane akwai cibiya ƙarama mai nauyi a cikin zarra. Tun ranar dabarar ba ta sake ba: in kana son sanin abin da ke cikin cibiya, jefi mai nauyi da marar nauyi, ka ƙirga abin da ya dawo da abin da ya shige.

To mi ke dawo da su? Furoton da furoton ba sa shiri, cajinsu iri ɗaya ne, tunkuɗe juna suke yi. Heliyom mai furoton 2 in ya tunkari uraniyom mai 92, yana matsowa tunkuɗar na ƙaruwa. Sai ya kusa taɓa shi ne wani ƙarfi na daban, mai gajeren hannu, zai cafke shi ya ja shi ciki. Masana na kiran wannan tunkuɗa katangar Coulomb. Ku ɗauka kamar yaro ne ke tura amalanke ya hau tudun da ke gefen dallol. In ya zo da gudu sosai ya haye ya gangara ɗaya gefen. In ƙarfinsa bai kai ba, amalanken ya dawo masa. Idan kun ji an ce gwaji a ƙaramin ƙarfi, ana nufin an turo ƙwayar da ƙarfin da ya yi daidai da kan tudun, ko ma bai kai ba.

Sai dai duniyar zarra ba ta bin dokar amalanke sau da ƙafa. Uraniyom-238 da kansa yakan tofar da heliyom-4 daga cikinsa. Amma da aka jefe shi da heliyom-4 mai ƙarfi ninki biyu na wanda yake tofarwa, sai ya ƙi karɓa, ya maido shi. Yaya mai rauni ya fito ta katangar da mai ƙarfi ya kasa ketarewa? A 1928 George Gamow ya warware wannan. Ya nuna cewa ƙwaya ƙarama na iya ɓullewa ta cikin katanga ba tare da ta hau kanta ba, sai dai ba kullum ba, jefi-jefi ne, kuma ana iya lissafa sau nawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1932 James Chadwick ya gano nutron. Tunda ba shi da caji, katanga ba ta tare shi. A Disamba 1938, a Balin, Otto Hahn da Fritz Strassmann suka jefi uraniyom da nutron, suka tarar da bariyom, abin da nauyinsa bai wuce rabi da ɗan kai na uraniyom ba. Lise Meitner, wadda ta gudu Suwidin saboda mulkin Hitila, ita da ɗan ƴar uwarta Otto Frisch suka fassara abin: cibiyar tsagewa ta yi gida biyu, ta saki makamashi mai ɗimbin yawa. Shekara bakwai ba ta cika ba aka jefa wa Hiroshima bom ranar 6 ga Agusta 1945. Babban kaso na uraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bom da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kongo ya fito. Ashe tun ranar farko ƙasar Afirka na cikin labarin, a matsayin rami.

Arlit da ɗan Fandu

A Oktoba 1945 Faransa ta kafa hukumarta ta makamashin nukiliya, CEA. Ku riƙe wannan sunan ma. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 ta tayar da bom ɗinta na farko kusa da Reggane a Saharar Aljeriya, wata shida kafin mu karɓi ƴancin kai ranar 3 ga Agusta. A Janairu 1961 Najeriya ta kori jakadan Faransa saboda waɗannan gwaje-gwaje na hamada.

A nan Nijar kuwa, a 1957 masu neman tagulla suka ci karo da alamun uraniyom a Azelik. CEA ta karɓi binciken, ta bi gindin duwatsun Ayar tana haƙa, ta gano na Arlit, na Imuraren a 1966, da na Akuta. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da kaya a 1971. Aka kafa COMINAK a 1974, ya fara a 1978 da rami na ƙarƙashin ƙasa mai zurfin kusan mita 250.

Shekarun nan iyayenmu ba uraniyom suke tunawa da su ba, fari suke tunawa. Daga 1968 zuwa 1974 ruwa ya yi ta ƙaranci, dabbobi suka ƙare, rumbuna suka bushe. Ana cikin haka farashin man fetur ya yi tsalle a 1973, Faransa ta yanke shawara a Maris 1974 za ta gina tashoshin nukiliya da yawa don ta rage dogaro da mai. Shugaba Diori Hamani ya ce to, in haka ne dutsenmu ya yi daraja, a ƙara kuɗi. Aka fara zama, ba a gama ba, ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da shi. Wanda ya hau shi ne Seyni Kountché, ɗan Fandu, nan cikin yankin Filinge. Har yau masu tarihi na gardama a kan nauyin da yunwa ta ɗauka a wannan juyin mulki da nauyin da cinikin uraniyom ya ɗauka.

Abin da ba gardama shi ne kuɗi sun shigo. Farashin laba ɗaya a kasuwar duniya ya tashi daga wajen dala 7 a 1973 zuwa sama da dala 40 cikin ƴan shekaru. A 1981 Nijar ta fitar da fiye da tan 4,000. Da wannan arziki aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, wadda kawu ya yi ta bi, aka buɗe ma'adinin gawayi na SONICHAR don ba mahaƙan wuta, aka yi manyan gine-ginen Yamai irin su otal Gaweye, aka kuma sauke wa talaka harajin kai. Sai haɗarin tashar Three Mile Island ta Amurka ya auku a Maris 1979, ƙasashe suka ja baya da gina tashoshi, farashi ya faɗi. Shekarun 1980 suka zo mana da bashi da wani farin a 1984. Kountché ya rasu a Faris ranar 10 ga Nuwamba 1987, aka kawo shi Fandu aka rufe.

Duk tsawon wannan lokaci maganarmu a kan uraniyom ɗaya ce: nawa ne kilo? Tambaya ce mai kyau, haƙƙinmu ne mu yi ta. Amma a shekarun nan dai, a wasu wurare, ana yi wa dutsen wata tambayar daban.

Baƙon da ba ya kwana

Cibiyoyin da muka saba da su, irin su heliyom-4, zaunannu ne, ba sa sakewa. Amma in aka cusa wa cibiya nutron fiye da kima, sai ta zama marar zama, ta rikiɗe ta koma wani abu. Ana auna ransu da lokacin da rabin tarinsu ke ɗauka kafin ya rikiɗe. Na uraniyom-238 shekara biliyan 4 da rabi ne, kusan tsaran duniyar kanta. A 1936 a Kopanhagan aka gano heliyom-6, wato heliyom mai ƙarin nutron biyu. Nasa rabin ran bai wuce kashi 8 cikin 10 na daƙiƙa ba. Kafin ka ce "salamu alaikum" rabi sun tafi.

A 1966, shekarar da aka gano Imuraren, wasu masana a Berkeley ta Amurka suka farfasa uraniyom da furoton masu tsananin gudu, suka tsinci litiyom-11 cikin ɓaraguzan: furoton 3, nutron 8. Shi ransa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Wa zai damu da abin da bai daɗe haka ba? Kusan shekara ashirin ana ganinsa kamar suna ne kawai a jadawali.

A 1985, a Berkeley ɗin dai, wani Bajapane mai suna Isao Tanihata da abokan aikinsa suka auna faɗin waɗannan cibiyoyi. Dabarar mai sauƙin ganewa ce. Jaki marar kaya yakan bi lungu ya wuce bai taɓa komai ba. Jakin da aka ɗora wa dammunan kara kuwa sai ya yi ta gogar darni hagu da dama. In ka ƙirga sau nawa aka goga, ka san faɗin kayan. Suka harba litiyom iri-iri ta cikin wani abu, suka ƙirga nawa suka yi karo. Daga litiyom-6 zuwa litiyom-9 faɗin bai sake sosai ba. Da aka zo litiyom-11 sai ya yi wani irin tsalle da ba wanda ya zata.

A 1987, shekarar rasuwar Kountché, Gregers Hansen da Björn Jonson suka ba da fassara. Suka ce litiyom-11 dunƙulen litiyom-9 ne a tsakiya, sai nutron biyu da aka riƙe da sako-sako suna yawo can nesa, kamar zoben hazon nan da ke kewaye wata a daren hunturu. Zoben ya yi nisa har faɗinsa ya kusa na cibiyar dalma-208, wadda ta fi shi nauyi kusan sau ashirin. Heliyom-6 ma haka yake: heliyom-4 a tsakiya, nutron biyu a zobe.

Wani abin mamakin, su ukun nan kamar duwatsun murhu suke. Heliyom-4 da nutron ɗaya ba sa zama tare. Nutron biyu su kaɗai ba sa zama tare. Amma in ukun sun haɗu sai tukunya ta zauna. Ka cire ɗaya, sauran biyun su watse.

Nan ne tambayar ta taso. In irin wannan baƙo mai zobe ya tunkari cibiya mai nauyi a ƙaramin ƙarfi, wato ƙasa da kan katanga, inda sai ta ɓullewar Gamow ake shiga, mi zai faru? Masu lissafi suka rabu biyu a shekarun 1990. Wasu suka ce haɗewa za ta ƙaru, don nutron ɗin zobe ba su da caji, za su riga isa su kama, su jawo sauran ciki, kamar a jefa igiya a haye katanga. Wasu suka ce a'a, raguwa za ta yi, don abin da aka ɗaure sako-sako zai wargaje tun a hanya kafin ya iso. Alƙalami ya kasa raba gardama. Sai gwaji.

Amsar 2000 da amsar 2004

Wahalar gwajin ita ce ba a sayen heliyom-6 a kwalba. Dole a ƙera shi nan take, a tsamo shi, a ingiza shi, a harba, duk kafin ya mutu. Wurin da aka fara cin nasarar irin wannan aiki shi ne Louvain-la-Neuve ta ƙasar Beljiyam, a 1989, da injuna biyu masu juya ƙwayoyi da ake kira sikulotoron. Na farko ya jefi litiyom da furoton ya haifar da heliyom-6, na biyu ya karɓe shi ya ba shi gudun da ake so. Ku lura, Beljiyam ɗin nan ita ce ta mallaki Kongo da Shinkolobwe.

A 1998 wasu a jami'ar Notre Dame ta Amurka suka gwada heliyom-6 a kan bismut-209, suka ba da rahoton ƙaruwar haɗewa ƙasa da katanga. Sai wata tawaga, cikinta har da masanan CEA na Saclay, wato hukumar nan da ta yi binciken Ayar, ta je Louvain-la-Neuve ta zaɓi uraniyom-238 ya zama abin jifa. Dalilin zaɓensa shi ne yana da ƙararrawa a jikinsa. In heliyom-6 ya shige shi gaba ɗaya, furoton 92 da 2 sun zama 94, nauyi 238 da 6 ya zama 244, an sami fulutoniyom-244 mai zafi, wanda nan take zai tsage biyu. Ɓangarorin tsagewar kuwa ba su da wuyar kamawa a na'ura. Sai suka ce, mu ƙirga tsagewa, mun ƙirga haɗewa.

Suka ƙirga. Ƙasa da katanga, heliyom-6 ya haddasa tsagewa fiye da heliyom-4 nesa ba kusa ba. A 2000 suka buga sakamakon, da sunan M. Trotta a gaba, suka ce zobe na ƙara haɗewa ƙwarai. Masu maganar igiya suka ga kamar sun ci gardama.

Amma tawagar ba ta kwanta a kan nasarar ba. Ƙararrawa ta kaɗa, gaskiya ne, to wa ya kaɗa ta? Suka koma da na'urori da suka fi na farko, waɗanda ke kama ɓangarorin tsagewa, kuma a daidai wannan lokacin su duba ko wani abu ya fito ta gefe. Sai ga heliyom-4 yana fitowa lafiya lau tare da mafi yawan tsagewar da ke faruwa ƙasa da katanga. Ma'ana baƙon bai shiga gidan ba sam. Zuwa ya yi bakin katanga, ya miƙa nutron ɗinsa biyu, uraniyom-238 ya karɓa ya zama uraniyom-240 mai zafi ya tsage, shi kuma dunƙulen ya juya ya yi gaba. Da aka cire waɗannan daga lissafi, ƙaruwar da aka yi shela ta ɓace. A 2004 suka buga wannan a mujallar Nature, da sunan Riccardo Raabe a gaba, wanda yana cikin tawagar farko. Kan maƙalar kansa cewa ya yi babu ƙaruwar haɗewa.

Wallahi wannan wuri ne ya fi tsaya mini a rai. Ba wani abokin gaba ya tona su ba. Su da kansu suka sake neman kuɗi da lokacin inji, suka sake gwaji don su binciki maganar da ta ɗaga sunansu, suka fito suka ce ga inda muka yi kuskure. Kuma gyaran ya fi amsar farko amfani, don ya nuna hanya ta uku da gardamar farko ba ta ba muhimmanci ba, wato miƙa nutron daga nesa. Aka ci gaba a wasu wurare. A GANIL da ke Caen ta Faransa aka gwada heliyom-8 a kan zinariya, a TRIUMF da ke Vancouver ta Kanada aka gwada litiyom-11 a kan dalma, aka ga tunkuɗar lantarkin dalma kaɗai na iya yage zoben tun baƙon na nesa.

To mu mi ya shafe mu?

Na san wani zai ce, ɗan uwa, mu da ke fama da ɗaukewar wuta da tsadar hatsi, ina ruwanmu da ƙwayar da ba ta kai daƙiƙa? Ina da amsa biyu.

Ta farko, dutsen Arlit kansa ta irin wannan hanya aka yi shi. Uraniyom ba a cikin ƙasa ya tsiro ba. An ƙera shi tun kafin a yi duniyarmu, a wuraren da taurari ke fashewa ko karo, inda cibiyoyi marasa zama ke haɗiyar nutron da sauri kafin su rikiɗe. A Agusta 2017 masu duban sama suka ga karon wasu taurari biyu na nutron, suka ga alamun ana ƙera abubuwa masu nauyi a wurin. Wanda ke son sanin asalin abin da ke ƙarƙashin Ayar, dole ya san halin cibiyoyin da ba sa daɗewa.

Ta biyu ta fi kusa, tana cikin rijiyarmu. Tiritiyom, wato haidurojin mai nutron biyu, da kabon-14, su ma cibiyoyi ne marasa nauyi marasa zama. Rabin ran na farko shekara 12 da ƴan watanni, na biyu shekara 5,730. Gwaje-gwajen bom da aka yi a sararin sama a shekarun 1950 da farkon 1960 sun zuba tiritiyom cikin ruwan sama na duniya duka. Saboda haka in an ɗebi ruwan rijiya aka iske tiritiyom, an san ruwan sabo ne, damina na mayar da shi. In babu, kuma kabon-14 ɗinsa ya ragu sosai, to tsohon ruwa ne na dubban shekaru, wanda in an zuƙe shi ba zai dawo a zamaninmu ba. Dallol Bosso da muke zaune a kai yana cikin babban kwarin ruwan ƙasa na Iullemmeden, kuma hukumar nukiliya ta duniya, AIEA, ta yi aikin auna irin wannan ruwa da ƙasashen Sahel, har da Nijar, daga 2012 zuwa 2017. Duk mai shirin haƙa fanfo ko noman rani a Kurfai yana buƙatar wannan amsa. Wa zai auna mana in ba mu koya ba?

Kuma ba daga sifili za mu fara ba. Jami'ar Yamai sunan masanin fizik take ɗauke da shi, Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya ba da ransa ga binciken hasken rana har ya rasu a 1991. A cikinta akwai cibiyar IRI mai aiki da sinadarai masu wannan haske, har da gwajin marasa lafiya. A Zariya, cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kunna ƙaramin injin nukiliya na bincike a 2004, shekarar da aka buga gyaran nan na Louvain-la-Neuve. Garin Hausa ne, da mota ake zuwa.

Yau maganar uraniyom ta sake tashi. COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ya fitar da wajen tan 75,000. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, shi ma ɗan yankin Filinge, gwamnati ta karɓe lasin Imuraren a 2024, ta kuma mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yuni 2025. Sau biyu ke nan cikin shekara hamsin ɗan wannan yanki na riƙe da ƙasa lokacin da ake ja-in-ja a kan dutsen nan. Kowa na da ra'ayinsa a kan siyasar, ba ita na zo yi ba. Abin da nake cewa shi ne takardar mallaka na iya sauya hannu rana ɗaya, amma sanin abin da ke cikin ganga ba a sa hannu a karɓe shi. Faransa na samun wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, mu kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki. Bambancin nan ba a farashin kilo kaɗai yake ba. Su sun yi shekara ɗari da ɗoriya suna tambayar dutsen, suna kuskure suna gyarawa, mu muna auna shi a sikeli.

Da na sake komawa gida na ba kawu wannan labari, da duwatsun murhu da jakin kara da komai. Ya saurara har shayi ya huce. Sai ya ce, "To, su sun yi kuskure sun gyara. Ku hwa, wane kuskure kunka yi?" Na ce ba mu yi ko ɗaya ba. Ya ce, "Ashe ba ku fara ba."

Saboda haka roƙona ga ƙannenmu da ke shirin shiga lise, maza da mata: kada tsoron lissafi ya kore ku daga siri C da D. Wanda ya riga ya yi nisa a adabi ko tarihi kuma, akwai aikinsa: tsofaffin direbobi da leburorin Arlit suna nan cikin garuruwanmu, a je a zauna da su a rubuta abin da suka gani tun suna da rai. Ni na ɗauki alkawarin a fitowa ta gaba zan kawo bayanin yadda ake auna shekarun ruwan rijiya, da Hausa, dalla-dalla. Wanda ya ga kuskure a wannan da na rubuta, ya same ni a taronmu ya nuna mini, in gyara a gaban kowa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu dace.